Manhajar ta ce fam 7,100, dillali ya ce 2,096: sharhina kan manhajar hasashen ribar gangar wiski

Ranar da na tsaya gaban gangata a wani sito da ke bayan garin Keith a Skotland, wayata na cikin aljihu, manhajar da ke cikinta kuwa tana nuna cewa wannan ganga ta kai fam 7,100. Kafin wata ya zagayo na tabbatar babu mai ba ni ko sulusin wannan kuɗi. Shekara uku da rabi na yi ina buɗe wannan manhaja duk farkon wata, ina kallon koren layi yana hawa, ina gina lissafin gidana a kansa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Na san mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, harkar nan ba tasu ba ce ko kusa. Ni Kirista ne, mutumin Jos, ina aikin jinya a Aberdeen tun 2020, kuma ko a cocinmu ba a yi wa mai taɓa kuɗin giya kallon arziki. Matata ta faɗa mini haka tun ranar farko. Ba kare kaina na zo yi ba. Abin da ya sa na rubuta shi ne na san 'yan gida biyu a nan Skotland da aka nuna wa irin wannan allo mai koren layi, ɗaya ma har ya fara tara kuɗin.

A watan Oktoba na 2021 na saya. Lokacin kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila kashi 0.1 ne cikin ɗari, ajiya a banki ba ta haifar da komai, ga kuɗin filin da na sayar a gida suna zaune. Tallar ta same ni a Facebook, na latsa, ta kai ni shafin kamfanin, can na tarar da manhajar. Gaskiya an ƙawata ta. Ka zaɓi matatar wiski, wato inda ake dafa shi, ka zaɓi girman ganga, ka ja wani ɗan maɓalli zuwa yawan shekarun da za ka riƙe, sai ta zana maka layi ta ce ga abin da za ka samu. Na sa fam 4,800, kuɗin ganga mai cin lita kusan 250 da aka cika a 2020. Ta ce riba kashi 12 duk shekara: bayan shekara biyar fam 8,459, bayan goma 14,908. Wannan 59 da wannan 8 na ƙarshe su suka kama ni. Na ce a raina abin da ya san lissafi har zuwa fam ɗaya ba da ka yake magana ba.

A ƙarƙashin layin an jera hujjoji, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. Rahoton kamfanin dillancin kadarori na Knight Frank na 2019 ya ce wiski mai wuyar samu ya tashi da kashi 582 cikin shekara goma. Kwalba ɗaya ta wiskin Macallan ta 1926 an sayar da ita kusan fam miliyan ɗaya da rabi a gwanjon Sotheby's a Landan a 2019. Bayan na saya ma labarai suka yi ta zuwa suna ƙara mini ƙarfin gwiwa. A Afrilun 2022 wata gangar Macallan ta 1988 da mai ita ya saya fam 5,000 ya manta da ita, ta tashi sama da fam 900,000 a wani gidan gwanjo a nan yankinmu na Aberdeen. A Yulin shekarar aka sayar da gangar Ardbeg ta 1975 fam miliyan 16. Duk lokacin da irin wannan ya faru sai manhajar ta turo mini saƙo. Abin da ba ta taɓa gaya mini ba shi ne wancan 582 ɗin lissafin kwalabe ne, kwalabe ɗari da aka zaɓo cikin mafi tsada a duniya, babu ganga ko ɗaya a ciki. Kamar mutum ne ya kawo maka farashin ingarman hawan daba a Kano, ya ce da shi za ka kiyasta kuɗin jakin da ka ɗaure a bayan gida.

Abu biyu suka tashe ni daga barci a 2025. Na farko, lokacin neman takardar zama na dindindin ya gabato, kuma daga Afrilu kuɗin ya koma fam 3,029 kowane mutum. Mu huɗu ne, 12,116 ke nan. A lissafina ganga za ta ɗauke fiye da rabi. Na biyu, a watan Maris BBC ta nuna binciken da ta yi kan damfarar gangunan wiski: mutane sun biya kuɗin gangar da babu ita, wasu an sayar wa mutum da yawa ganga ɗaya, wasu an ninka musu farashi. Muna zaune a falo muna kallo, matata ta juyo ta ce, "Maigida, kai ka taɓa ganin taka da ido?" Ban taɓa ba. Cinikin biri a sama na yi, kuma sai a daren nan na yarda da hakan.

Takardar da ke hannuna mai kyau ce, da hatimi da sunana da ruwan zinariya, amma kamfanin ne ya buga ta. Takardar da ke da amfani ita ce wadda suke kira delivery order, wadda ake kai wa mai sito ya goge sunan mai sayarwa a littafinsa ya rubuta naka. In babu ita, a wurin mai sito kai ba kowa ba ne. Mako biyar na yi ina bin su da waya da imel kafin aka yi wannan. A nan dole in faɗi gaskiya: gangar tana nan, lambarta ta yi daidai da ta takarda, kuma daga ƙarshe an mayar da ita sunana. Ranar da mai sito ya tabbatar mini na durƙusa na gode wa Allah, don na ga hawayen waɗanda ba su sami ko wannan ba. A wannan makon har na ji na huce da kamfanin. Na ce to, ashe ba ɓarayi ba ne, ƙila kawai jinkiri ne irin na ofis.

Na nemi a auna gangar, na kuma roƙi a bar ni in je. Na fito aikin dare, na kama hanyar A96 ta Huntly, ana yayyafi. Siton irin na da ne, gini gajere na dutse, bangonsa ya yi baƙi ƙirin da wata gansakuka da ke rayuwa da tururin barasa. Ciki sanyi, ƙasa turɓaya ce ba siminti ba, ganguna an jera su hawa uku a kan katako. Ƙamshin ya cika wurin, kamar na zabibi da jiƙaƙƙen itace. Ma'aikacin, wani dattijo mai manyan hannuwa, ya haska fitila a kan lambar, ya ɗauki guduma ta katako ya bubbuga gefen murfin har ya yi tsalle ya fita. Ya zura sandar awo, ya ciro, ya duba inda ta jiƙe. Ya zura wani dogon bututun jan ƙarfe ya ɗebo kaɗan a kofi don a gwada ƙarfinsa. Sannan ya shafa gindin gangar, ya nuna mini wani baƙin tabo mai danƙo a inda katako biyu suka haɗu. Ya ce nan ta taɓa tsatsafowa, ta toshe da kanta, abu ne da ke faruwa.

Sakamako ya zo bayan kwana huɗu. Ranar da aka cika ta, lita 245 aka zuba mai ƙarfin kashi 63.5, wato tsantsar barasa lita 155 da ɗan ɗori. Yanzu saura 131. Dama kowace ganga a Skotland tana rasa wajen kashi 2 cikin ɗari duk shekara ta hanyar tururi, abin da suke kira rabon mala'iku, kuma da wannan kaɗai ne da na tarar da wajen 140. Sauran yoyon ne ya ci. Na buɗe manhajar a take. Lita 155 take nunawa. Shekara uku da rabi ba ta rage ko ɗigo ba. Abin da kowane ɗan dako a wannan sito ya sani, abin da ake gaya wa masu yawon buɗe ido a mintin farko, shi wannan manhaja da aka ce tana aiki da bayanan kasuwa ba ta sa a lissafi ba. Kuma 'yan kasuwar nan ba ganga suke saye ba, litar tsantsar barasa suke saye. Kakata a Jos da ke sayen masara da kaka ta ajiye zuwa damina ta san buhu yana ragewa, ta san ƙwari da ɓera suna da nasu kaso, tana cirewa kafin ta kira riba.

Da takardar awon na je wurin wani dillali mai zaman kansa a Elgin, wanda ba ya sayar wa irina ganga, masu zuba wiski a kwalba yake nema wa kaya. Ya karanta takarduna a tsanake, ya ɗora yatsa a kan wani layi. Sunan da ke littafin sito ba sunan matatar ba ne, wani suna ne na kasuwa. Ya bayyana mini cewa matatu da yawa in za su sayar da sabon ruwa ga 'yan kasuwa sukan sa masa wani suna daban, ko ma su ɗiga masa ɗan ruwan wata matata, don kada wani ya buga sunansu a kwalba. Wato ko na zuba wannan wiski a kwalba ba ni da ikon rubuta sunan da na biya kuɗi dominsa. Manhajar kuwa da wannan sanannen suna take yi mini lissafi tun ranar farko, har da hoton matatar da hayaƙi yana tashi. Ya yi waya wurare uku. Ɗaya bai ma taya ba, ya ce sitonsa cike yake da irin wannan. Ɗaya ya ce fam 14 kowace lita. Na ukun ya ce 16. Lita 131 sau 16, fam 2,096, kuma a ciki za a cire la'adar dillali.

Na raba 4,800 da 155, na ga kusan fam 31 na biya kowace lita, a kan ruwan da a lokacin bai ma cancanci sunan wiski ba, tunda dokar 2009 ta ce sai ya yi shekara uku cur cikin gangar itacen oak a Skotland. Dillalin bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi asarata ba a 2025 ta faru ba, tun ranar da na biya ta faru. Wannan ita ce babbar ɓarakar manhajar, ta fi ta yoyo muni. Tana ɗaukar kuɗin da ka biya a matsayin darajar gangar, ta ɗora kashi 12 a kai. Ba ta tambayar ko an tsuga maka kuɗi. Da fam 10,000 suka karɓa a hannuna, da 10,000 za ta fara lissafi, layin ya fi haka tsawo, ni kuma in fi haka murna.

Na koma gida na zauna da ita har tsakar dare ina gwada ta. Maɓallin riba daga kashi 8 yake farawa ya tsaya a 20. Ba ya sauka ƙasa da 8, balle sifili, balle asara. Na canza matatar wiski sau shida, layin bai canza siffa ba, adadin farko ne kawai ke canzawa. Na ɗauki kalkuletar 'yata ta makaranta na buga 4,800 sau 1.12 sau biyar, ta ba ni 8,459. Shi ke nan abin da ke cikinta. Ba hasashe take yi ba, ninki ne da ɗan aji uku na sakandare zai yi, aka sa masa riga mai launi. Kuma a tsawon shekarun nan duniya ba ta tsaya ba. Kuɗin ruwan Bankin Ingila ya tashi daga 0.1 zuwa 5.25 a Agustan 2023, masu kuɗi suka sami wurin ajiya mai riba ba tare da ganga ba. Wiskin da Skotland ke fitarwa ya sauko daga fam biliyan 6.2 a 2022 zuwa 5.6 a 2023, zuwa 5.4 a 2024. Shi kansa ma'aunin Knight Frank da suke tinƙaho da shi ya nuna faɗuwar kashi 9 a 2023. Layina bai ko girgiza ba. Wata 41 a jere yana hawa.

Akwai kuma tarihin da ya kamata duk mai hasashe ya sani. A farkon shekarun 1980 an dafa wiski fiye da abin da duniya za ta sha, situna suka cika, har a 1983 aka rufe matatu irin su Port Ellen da Brora, kuma sai a 2021 Brora ta sake buɗewa, Port Ellen a 2024. Yau ƙungiyar masu wiskin Skotland tana cewa ganguna wajen miliyan 22 ne ke kwance a situnan ƙasar. Tawa ɗaya ce cikinsu, ƙaramar shekaru, marar suna. Harajin kashi 25 da Amurka ta ɗora wa wiskin matata ɗaya daga Oktoban 2019 zuwa Maris ɗin 2021 ya nuna cewa sa hannun mutum ɗaya a Washington yana iya girgiza kasuwar. Yarjejeniyar Birtaniya da Indiya ta 2025, wadda ta tanadi sauke harajin Indiya kan wiski daga kashi 150 zuwa 75, tana iya taimakawa, kuma wannan labarin kam manhajar ta turo mini shi cikin awa ɗaya. Labari mai daɗi kaɗai take ji.

Don in yi adalci na biya kuɗin wata uku na wata manhaja ta daban, wadda ba ta sayar da ganga, sakamakon gwanjo take tattarawa. Ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Ta tambaye ni ranar awo na ƙarshe, ta tambayi lita nawa suka rage, ta tambayi ko ina da ikon amfani da sunan matatar wiskin. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Amma amsar da ta ba ni ita ce tsakanin fam 2,300 da 5,900. Me zan yi da wannan? Tazarar ta fi kuɗin takardar mutum ɗaya. Kuma ko ƙasan nata ya fi abin da aka taya ni. Daga baya na gane dalili. Ganga ba ta da kasuwar da ake kafa farashi a allo kowa ya gani kamar hannun jari. Yawancin ciniki ta waya ake yinsa tsakanin matatu da masu haɗa wiski da dillalai, ba wanda ke shelanta nawa ya biya. Abin da ke fitowa fili shi ne na gwanjo, gwanjo kuwa kaya masu suna ake kai masa, waɗanda ba a taya ba kuma sau da yawa ba sa shiga lissafi. Ko manhajar mai gaskiya ce, da ɗan abin da ta gani take auna abin da ba ta gani ba. Ita dai ban riƙe ta a zuciya ba, don ta faɗa da bakinta cewa bayananta kaɗan ne. Na daina biya ne kawai.

Wani abokin aikina ya ce to in zuba a kwalba in sayar da kaina mana. Na yi wannan lissafin ma. Lita 131 za ta ba da kwalba wajen 400 in an sauke ƙarfin zuwa kashi 46. Amma kafin ɗigo ɗaya ya bar sito sai na biya harajin barasa, wanda a 2025 ya kasance fam 32.79 kowace litar tsantsa, wato kusan 4,300. A kai a ɗora harajin VAT kashi 20, ga kuɗin kwalba da lakabi da ɗauko kaya, ga lasisin sayarwa da ba ni da shi. Manhajar farko tana da shafi guda cur a kan cewa ba a biyan harajin riba a kan ganga saboda kaya ne mai ƙarewa. Na harajin da za ka biya kuwa, layi ɗaya ne can ƙasa da ƙananan haruffa.

Waɗannan ƙananan haruffa su suka dawo mini da fushin da na ɗauka ya wuce. Na rubuta wa kamfanin, na haɗa takardar awo da tayin dillali, na tambaye su me ya sa allona ke cewa 7,100. Wata budurwa ta kira ni, mai ladabi ƙwarai, ta ce adadin misali ne kawai ba alkawari ba, kuma an rubuta haka a sharuɗɗa. Na ce to ku saya a 7,100 ɗin. Ta ce ba sa saye, amma za su iya sa ta a jerin masu jiran mai saye. Na ce a 4,800 ɗin da na biya fa? Ta ce kasuwa ta ɗan yi sanyi, shawararta in ƙara riƙewa shekara biyar. Idan kun san kasuwa ta yi sanyi, me ya hana allon ya yi sanyi? A saman shafin, da manyan haruffa, "darajar gangarka a yau" aka rubuta. Ba "misali" aka rubuta ba. Hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta ja kunnen masu wannan sana'a tun ƙarshen 2023 kan irin waɗannan alƙaluma, na kuma lura sun gyara tallar da ke waje. Allon da mu da muka riga muka biya muke kallo, shi ba a taɓa shi ba. Kuma babu inda zan kai ƙara cikin sauƙi, don sayen ganga ba ya ƙarƙashin hukumar FCA mai kula da harkar kuɗi, asusun da ke biyan diyya in banki ya rushe kuma bai san da ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba fam 2,700 da suka narke ba ne. Shekara uku da rabi ne da na yi ban ajiye kuɗin takardun nan ba saboda allo yana ce mini suna nan. Da tun 2022 ta nuna mini 2,500, da na ji zafi na kwana biyu, na ƙara aikin dare tun yara suna ƙanana, na tara a hankali. Sai ga shi cikin wata biyar na nemo su: na shiga adashi biyu, na karɓi aikin kowace Asabar daga Mayu zuwa Satumba, kawuna da ke Glasgow ya ranta mini 3,000. Da na je karɓa bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, ka kawo lokacin da ka samu." Matata ma ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ƙara awowin aikinta ta yi shiru, kuma wannan shirun ya fi mini nauyi.

Ban sayar da gangar ba. Tana can hawa na biyu, ina biyan kuɗin sito da inshora duk shekara, dillalin Elgin ya ce in sake aunawa a 2027 mu ga ko yoyon ya tsaya. Na rubuta wa kamfanin sau biyu cewa su gyara lita 155 ta koma 131, har yau ba a gyara ba. Da safen nan kafin in fara rubutu na buɗe manhajar, tana cewa fam 7,623, a ƙasa kuma ga sanarwa cewa an ware wa tsofaffin abokan ciniki sababbin ganguna ashirin, in yi sauri kafin su ƙare. Na ɗauki hoton allon, na haɗa da takardar awo, na tura wa 'yan gidan nan biyu.